Tukuicin Hajjo

Duk wanda ya taɓa sauka daga bas a bakin ƙofar jami'a a Gidan Kwano ya san Hajjo, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar dattijuwar Bafulatanar nan da ke zama ƙarƙashin dalbejiya da ƙoren nono jere a gabanta. Ba ta kiran mai saye, ba ta kuma yi wa kowa murmushin ciniki. In ka zo ta dama maka, in ka wuce Allah ya kiyaye hanya. Ɗalibai suna cewa ta cika ji da kai, kuma gaskiyarsu ce. Amma kindirmonta ba ruwa a cikinsa, shi ya sa suke haƙuri da halinta.

Bazara ce ta zame mata abokiyar gaba. Zafin Minna kuwa ba sai an ba ka labari ba. Ƙanƙarar da take saye da safe kafin azahar ta koma ruwa, kafin la'asar nonon ya yi tsamin da ko ita ba ta iya kaiwa baki. Ga wani shago da aka buɗe a tsallaken titi, yana sayar da yogot mai sanyi a robobi, ɗaliban sun fara zarcewa can suna sunkuyar da kai in sun zo wucewa ta gabanta. Kullum sai ta koma ruga da ragowa a ka, ta zubar a bayan garke. Kuma shanun gidan ba su da yawa yanzu, ciwo ya ci mafi yawansu, ƙoren nan su ne ke riƙe da tukunyar ɗanta Jafaru da matarsa Basira da 'ya'yansu.

Malama Hadassah ce ta kawo labarin. 'Yar Gbagyi ce, tana koyar da ajin manya a Dutsen Kura, kuma ta daɗe tana zuwa sayen man shanu wurin Hajjo, har suka saba ba tare da sun taɓa cewa su ƙawaye ne ba. Ranar da ta zo, tun daga nesa take washe baki.

"Inna Hajjo, Allah ya yi! Wata ƙungiya daga Abuja tana raba wa mata masu nono firji mai aiki da hasken rana. Ba wutar Nepa, ba ƙanƙara. Na kai sunanki, an kuma ɗauka."

Hajjo ta dakata da damun da take yi. Murna ta cika ta, amma fuskar nan ko gezau.

"Me za su karɓa?"

"Ko sisi. Abu ɗaya ne kawai, za ki tsaya gaban kyamara ki faɗi magana ɗaya da Turanci, don waɗanda suka aiko da kayan daga ƙasar waje su ji da kunnensu. I receive this gift with thanks. Shi ke nan."

"Ni da ko Hausa sai da na girma na iya, yau Turanci?"

"Ai shi ya sa Allah ya yi ni malama."

Nan take aka buɗe makaranta a gindin dalbejiya. Hadassah ta kai hannu ta fizge ludayin da ke hannun Hajjo.

"Kin ga wannan? Ɗauka na yi, ko ki ce ƙwace. Turawa suna da kalmarsa daban." Ta mayar mata da shi. "Yanzu ke ki ba ni da kanki."

Hajjo ta miƙa. Hadassah ta tara tafukanta biyu, ludayin ya sauka a ciki.

"Yawwa, wannan shi ne receive. Ba ke kika je kika ɗauko ba, wani ne ya kawo ya sa miki a hannu. Da shi ake karɓar saƙo, da shi ake karɓar albashi, da shi ake karɓar baƙo. Kai, har bulala in an tsula wa mutum, sai su ce ya yi receive ɗinta."

"Har duka?"

"Har duka. Kina tsaye dai, abu ya zo ya same ki."

Hajjo ta taɓe baki. "Mutanen da suka haɗa kyauta da bulala a baki ɗaya, a yi hattara da su." Ta juya kalmar a harshenta. "Risib. To, in mutum ya yi risib ɗin, me yake bayarwa?"

"Ba ya ba da komai. Godiya kawai."

"Tukuicin fa?"

Hadassah ta yi dariya har da riƙe ciki. "Inna, Turanci ba ruwansa da tukuici."

"Turanci ne ba ruwansa. Ni da ruwana."

Hadassah ta ɗauka raha ce, ba ta san maganar ta zauna daram a zuciyar dattijuwar ba. Don a gidan da aka haifi Hajjo, in an aiko maka da kyauta, ba ka sallamar ɗan aike hannu rabbana. Ko ƙwai ne, ko goro, ko 'yar kaza, sai ka ɗora masa wani abu a hannu. Ba biyan kyautar kake yi ba, wa zai iya? Nunawa kake yi cewa gidan da kayan suka shigo gida ne, akwai mutane a cikinsa. Wanda ake miƙa wa abu ya rufe hannu ya yi ta godiya kawai, a wurinsu sunansa daban ne, mabaraci. Hajjo ta ga shekarar da shanu suka yi ta faɗuwa, ta binne miji, ta kwana da yunwa, amma ba a taɓa kiranta da wannan sunan ba.

Sai ga Hajjo da Turanci a ruga. Tana tatsa tana risib, tana wanke ƙwarya tana risib, jikoki suna bin ta suna kwaikwayo suna faɗuwa don dariya. Basira kuwa ta riga ta share inda za a ajiye firjin, har ta fara lissafa wa maƙwabta yadda za su rinƙa zuba furar a robobi kamar na shagon can. A ɓangare guda Hajjo tana tara mai. Duk nonon da ta kaɗa sai ta ware mafi kyawun curin, ta ƙi sayarwa, har Hadassah da ta zo nema sai da ta koma ba ta samu ba. Ta ɗauko sabuwar ƙwarya mai zane wadda ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ta jera man, ta rufe da faifan da ta saƙa da hannunta.

Ranar rabo ta ci ado. Ta ɗaura baƙin zanen saƙi da take ajiye wa bikin suna, ta sa 'yan kunnen azurfar uwarta, ta zizara kwalli. Ta ɗora ƙwaryar a ka, ta shiga keke napep zuwa Shango, inda aka kafa rumfuna a filin wata makarantar firamare. Firjojin suna jere farare tas, kowanne da jan ƙyalle ɗaure a wuya. Hajjo ta tsaya ta dubi ɗaya, ta ɗora tafin hannu a murfinsa. Wallahi tana son abin nan, so ba kaɗan ba.

Wani saurayi mai kyamara a wuya, wanda ta ji ana kira Kambai, ya zo yana duba matan ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kanta sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Mama, kin yi kyau fa. Amma ba ki zo da wani zanen ba? Wanda kike zuwa talla da shi? Kuma 'yan kunnen nan, da za ki cire su na ɗan lokaci. Masu aiko da kayan in suka gan ki haka, sai su ce ba ki da buƙata."

Hajjo ta dube shi daga sama har ƙasa, a hankali, har sai da ya gyara tsayuwa.

"Ɗana, in za ka je karɓar baƙi, tsumma kake sawa?"

"A'a Mama, ai don hoto ne kawai."

"To ka ɗauki hoton wadda ta zo. Wata ba ta zo ba."

Kambai ya wuce yana gunaguni. Hadassah da ke gefe ta matso ta raɗa wa Hajjo, "Inna, don Allah yau dai ki sassauta."

Shugabar rabon wata matashiya ce mai suna Lilian, siririya, da katin aiki rataye a wuya, gumi ya jiƙa mata bayan riga. Ba muguwa ba ce, a faɗi gaskiya. Tun safe take kai da kawo, tana ce wa kowace tsohuwa Mama, tana ba su kujera. Mata suka rinƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowace ta rusuna, ta dafa firji, ta karanto Turancinta a karkace, a tafa, ta koma. Da aka kira Hajjo, ta miƙe da ƙwaryarta, ta taka har gaban kyamara ba gaggawa. Ba ta dafa firjin ba. Ta sauke ƙwaryar da hannu biyu, ta ɗaga faifan, ƙamshin man ya bugi na kusa, ta miƙa wa Lilian.

"'Yata, ke aka aiko. Ga tukuicinki."

Lilian ta ja da baya kamar an miƙo mata garwashi.

"Ayya Mama, na gode, na gode sosai. Amma ba zan iya karɓa ba."

"Bai yi miki ba ne?"

"Ba haka ba ne. Dokar aikinmu ce. Ba ma karɓar komai daga hannun waɗanda muke taimakawa, ko ruwan leda. Akwai wanda aka kora a kan kaza guda, Mama. In na taɓa ƙwaryar nan a gaban kyamara, aikina ya tafi."

"A kashe kyamarar."

"Ko an kashe, doka tana nan."

"Waɗanda kuke taimakawa," in ji Hajjo, tana maimaita maganar a hankali. "Wato hannunku ne kawai ke miƙawa. Namu an yi shi don tarawa."

Hadassah ta taso da sauri, ta kama gefen zanenta.

"Inna, ki faɗi maganar kawai! Kin iya ta fa, kin fi kowa iyawa a nan. Man kuma ki ba ni, ni zan saya, ko in kai mata gida daga baya."

"A ɓoye? Sata na yi da zan ba da tukuici a ɓoye?"

"Ki tuna nonon da kike zubarwa. Ki tuna yaran Jafaru."

Wannan ta shige ta. Ta tuna su mana. Ta dubi firjin, ta dubi Lilian, ta sake miƙa ƙwaryar, muryarta ta sauka ƙasa.

"'Yata, curi ɗaya. Ɗauki curi ɗaya ki sa a leda, in faɗa muku Turancinku in tafi da kayana."

Idon Lilian ya kawo ruwa, amma ta maƙale hannuwanta a baya. "Mama, ki yi haƙuri. Ki karɓa kawai. Kyauta ce, ba a son komai daga wurinki."

"Ai shi ne abin da ya ɓata ta."

Hajjo ta mayar da faifan, ta gyara shi sosai, ta ɗora ƙwaryar a ka. Sannan ta juya ta fuskanci kyamarar Kambai, wadda har yanzu jar wutarta ke kunne.

"Ɗana, ɗauki wannan ka kai musu. Ka ce Hajjo ta gaishe su, ta kuma gode. An koya mini kalmarsu, na iya ta, risib. An ce da ita ake karɓar kyauta, da ita ake karɓar bulala. Ka ce musu na zo karɓar ta farkon, na tarar ta biyun ake rabawa."

Ta ratsa tsakanin kujeru ta fita, kanta a miƙe, ko ƙwaryar ba ta dafa ba. Kafin ta kai bakin titi ta ji an kira sunan wata Farida, wadda ke jiran ko wata za ta fasa, sai ga tafi ya tashi. Tafin nan ya soke ta har cikin ƙashi, amma ba ta waiwaya ba.

Kada wani ya ce maka abin ya zo da sauƙi. Basira da ta ga surukarta ta dawo da ƙwarya kawai, sai ta zauna a inda ta share wa firjin ta fashe da kuka.

"Inna, saboda man shanu? Saboda man shanu kika bar mana firji?"

"Ba saboda mai ba ne."

"To saboda me? Mutunci za mu dama wa yaran nan su sha?"

A al'ada suruka ba ta ɗaga wa uwar miji murya haka, amma Hajjo ta ƙyale ta, don ta san yarinyar ba ƙarya ta yi ba. Jafaru ya ɗauki sandarsa ya bi shanu. Hadassah ta yi fushi ta ɗauke ƙafa. Rana kuma ba ta rage zafi don Hajjo ta yi jarumta ba. Ƙanƙara ta ci gaba da narkewa, nono ya ci gaba da tsami, bayan garke ya ci gaba da shan ragowa. Man tukuicin ma da ya fara narkewa, ta soya shi ta sayar wa wata mai tuwo.

Wata Asabar da rana tsaka, Hajjo tana korar ƙuda da faifai, sai ga wata ta sauko daga keke ta tsaya a gabanta. Sai da ta ɗaga kai sosai ta gane Lilian ce, don ba katin a wuya, atamfa ce a jikinta.

"Mama, ina wuni."

"Lafiya lau, 'yata. Zauna, rana."

Lilian ta zauna a kan benci, tana murza yatsu. "Ban zo da komai ba, Mama. Firjojin sun ƙare. Na yi magana a ofis, sun ce doka doka ce. Na zo ne kawai in ce ban ƙi ki ba ne. Tun ranar abin yake damuna."

"Na sani. Kowa da igiyar da aka ɗaure shi da ita."

Hajjo ta ɗauko ƙaramar ƙwarya, ta marmasa fura, ta zuba kindirmon safe wanda bai riga ya juya ba, ta fasa ɗan guntun ƙanƙarar da ya rage mata duka ta jefa a ciki. Ta dama da kyau, ta sa ludayi, ta miƙa. Lilian ta karɓa, ta ajiye a cinya, ta buɗe jaka.

"Nawa ne, Mama?"

"Rufe jakarki."

"Haba Mama, ai sana'arki ce."

"Yau ba katin a wuyanki, doka ba ta biyo ki nan ba. Baƙuwa ce ke, kin zo wurina cikin rana. Ba a son komai daga wurinki."

Lilian ta gane maganarta ce aka dawo mata da ita. Ta dubi ƙwaryar, ta dubi ƙoren da suka rage cike a gaban tsohuwar, da buhun ƙanƙarar da ya zama ruwa. Ta kasa kai ludayin baki. Hannunta ya sake komawa cikin jakar da kansa, yana lalube. Ta ciro 'yar lema mai naɗewa.

"To ko wannan, Mama, saboda rana..."

"A'a."

"Ko in sayi na gobe, in biya yanzu?"

"A'a."

"Mama, don Allah, ba zan iya sha haka kawai ba."

Hajjo ta yi ɗan murmushi, irin wanda ɗaliban Gidan Kwano ba su taɓa gani ba.

"Kin ji yadda yake, ko? Fura ce fa kawai, hannunki ya kasa zama. Ni firji kuka ce in ɗauka haka, a gaban jama'a."

Lilian ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a bakin ƙwaryar.

"Sha kafin ƙanƙarar ta narke," in ji Hajjo. "Amma ki fara faɗar kalmar nan taku. Ni na koya ban samu inda zan faɗe ta ba."

Lilian ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu.

"I receive it, Mama."

"Risib," in ji Hajjo, ta gyaɗa kai. "Da nauyi, ko ba haka ba?"

Ba ta jira amsa ba. Ta ɗaga faifan babbar ƙwarya, ta shinshina, ta ji nonon ya fara juyawa. Ta mayar ta rufe, ta ja shi can cikin inuwa, ta ci gaba da korar ƙuda.